Kafin ku biya kuɗin koyon iyo

Jama'a, kafin ku biya kuɗi a kulob ɗin iyo na manya, ku roƙi a bar ku ku kalli darasi ɗaya tukuna.

Kada lambobin yabon koci su ruɗe ku. Yawancin gwanayen gasa tun suna yara suka fara, sun manta yadda tsoron ruwa yake. Babba kuwa jikinsa a sandare yake, yana ɗaga kai, ƙafafu suna nutsewa.

Ku lura, kocin yana fara koyar da fitar da numfashi cikin ruwa kafin bugun hannu? Ku kuma tambayi takardarsa ta horon ceto.

Amma in kun riga kun iya, sauri kawai kuke nema, to tsohon ɗan gasar ne naku.