Journald ko rsyslog: ajiye log a sabar da wuta ke yawan ɗauke mata

Sabar Linux da ke ofis a Gombe, wadda batirin inbata ke ƙare mata da tsakar dare, ba ta sallama kafin ta mutu. Da safe log, wato bayanan da saba ke ajiyewa kan abin da ke gudana a cikinta, shi kaɗai zai gaya maka abin da ya faru, in ya tsira. Da wannan ma'aunin ya kamata a raba gardamar manhajojin ajiye log biyu: journald, mai ajiya a binary (tsarin da sai da manhaja ake karanta shi), da rsyslog, mai rubutu zalla. Shawara: riƙe duka biyun, kowanne da aikinsa.

Fara da journald. A /etc/systemd/journald.conf sa Storage=persistent. In ka bar shi a auto kuma babu /var/log/journal, log ɗin yana zaune ne a /run, cikin RAM, wuta na ɗaukewa ya bi ta. Ƙara SystemMaxUse=500M, don in ba ka ƙayyade ba zai iya cin kashi 10 cikin 100 na faifan, har 4G.

Sai SyncIntervalSec, wato tazarar da journald ke jira kafin ya tabbatar log ya sauka a faifai, wanda mutane da yawa ba sa dubawa. Asalinsa minti 5 ne. Saƙonnin crit, alert da emerg, wato mafi tsanani, ana tura su faifai nan take, sauran kuwa suna iya salwanta, kuma galibi layukan ƙarshen nan ne kake nema. Mai da shi 30s.

Amfanin binary a bincike yake. journalctl -b -1 -p err zai fito maka da kurakuran kunnawar da ta gabata kaɗai, -u nginx ya ware sabis ɗaya. Illarsa, fayil ɗin da ba a rufe da kyau ba ana canja masa suna zuwa .journal~, kuma ba ya karantuwa da less, manhajar buɗe rubutu zalla. Duba shi da journalctl --verify. In ka ciro faifan ka haɗa a wata kwamfuta, yi amfani da journalctl -D ka nuna masa inda fayilolin suke.

Daga nan girka rsyslog, domin Debian 12 ta 2023, wani nau'in Linux, ta daina zuwa da shi, ka sa ForwardToSyslog=yes a journald.conf don journald ya miƙa masa log. Rubutu ko ya yanke a tsakiya, abin da ya rage yana karantuwa. In grep, manhajar neman kalma a fayil, ya ce fayil ɗin binary ne, sifilai ne ɗaukewar wuta ta bari a ciki, ƙara -a.

Idan akwai wata na'ura a ofishin, tura mata kwafi da layin *.* @@192.168.1.10:514 a saitin rsyslog, ka sa adireshin na'urar a madadin 192.168.1.10. @ ɗaya UDP ne, biyu TCP, hanyoyin tura bayanai ta netwok. Kada dai ka jona su a inbata ɗaya.