Yadda Ake Haɗa Ruwan Sigarin Lantarki a Gida: Matakan Farko ga Sabon Shiga

Ruwan da ake zuba wa sigarin lantarki abu huɗu ne aka gauraya: gilisarin, furofilin gilaikol, sinadarin ɗanɗano, sai nikotin ga mai buƙata. Ba a dafawa, ba a tacewa. Aikin duka awo ne, kuma ɓarnar da ake samu wajen haɗa shi a gida ta hanya biyu take zuwa: ko dai mutum ya yi kuskuren lissafi, ko ya zuba abin da ba a yi shi don huhu ba.

Tun farko a san wanda ake magana da shi. Baligi ne da ya riga ya kamu da taba, yake neman hanyar rabuwa da ita. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, matsayinta shi ne sigarin lantarki bai kai taba illa ba, amma shi ma yana da tasa, kuma wanda ba ya shan taba kada ya fara. Yaro da mai juna biyu da wanda bai taɓa busawa ba, babu ruwansu da wannan aiki. Sannan a duba dokar inda ake zaune. Indiya ta haramta sayar da sigarin lantarki tun 2019, Tailan da Singafo ma sun hana, Ostareliya kuwa tun 2024 sai a kantin magani. Ɗalibi ko mai jinya da zai tafi Indiya ya kwana da sanin haka.

A Birtaniya da Amurka wannan al'ada ta haɗawa a gida ta fi ƙarfi, kuma tsarin Birtaniya zan bi, don shi ya fi dacewa da sabon shiga. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2016, wadda Birtaniya ma ke bi, ta ce ruwa mai nikotin kada ƙarfinsa ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbarsa kuma kada ta wuce mililita 10. Shi ya sa masu haɗawa a can suke sayen ƙananan kwalaben nikotin da aka riga aka sirka, galibi masu ƙarfin 18, su zuba a nasu haɗin.

Kayan haɗi

Gilisarin na tsirrai, wanda za ka ga an rubuta VG a kwalbarsa, yana da kauri kamar zuma da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma shi ke kawo yawan tururi. Furofilin gilaikol, mai alamar PG, tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano, shi ke kuma kawo ɗan kartar maƙogwaro da tsohon mashayin taba ya saba da ita. Akwai mutanen da PG ke busar musu da wuya ko ya sa su tari. Irin waɗannan sai su rage shi.

Dukansu biyu dole su kasance na matakin haɗa magani, wato a ga USP ko BP ko EP a jikin kwalba, a rufe daga kamfani, daga hannun dillalin da aka sani. Wannan batu mu 'yan Najeriya mun san zafinsa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu bayan an ba su maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, saboda an yi amfani da dayetilin gilaikol a gurbin furofilin gilaikol. A ido ba ka bambance su: duka farare ne tas, duka da zaƙi, amma na farkon guba ne mai kashe ƙoda. Don haka ruwan da aka ɗura maka daga jarka a kasuwar sinadarai, babu takarda babu suna, bar shi inda ka gan shi. Haka ma gilisarin na shafawa da ake saye lokacin hunturu, wanda sau da yawa an sa masa turare.

Sinadarin ɗanɗano kuma sai wanda aka yi musamman don wannan aiki, wanda aka narkar cikin PG. Kamfanoni irin su Capella da FlavourArt da TFA sun yi suna a nan. Filebon kek da na zoɓo ba su shiga, domin wasu da mai aka haɗa su, wasu da sukari da kala.

Maganar mai ita ce wadda ba a yi mata sassauci. Duk wani mai, ko na zaitun ne, ko na habbatus sauda, ko na na'a-na'a, ko turaren jiki, idan ya shiga huhu yana kwantawa ya haddasa kumburi. Amfaninsa a ciki ko a fata bai sa ya dace da shaƙa ba. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, kuma zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da suka kamu, 68 suka mutu. Babban abin da aka ɗora wa laifi shi ne bitamin E asitet, wani sinadari mai maiƙo da ake ƙara wa ruwan wiwi na bayan fage don ya yi kauri. Zuma da sukari su ma a'a: ƙonewa suke yi a kan siririyar wayar ƙarfe da ke zafi a cikin na'urar.

Sai dayasetil, sinadarin da ke ba da ƙamshin bota. A shekarar 2000 aka gano mummunar cutar huhu a jikin ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Misuri ta Amurka da suka daɗe suna shaƙarsa, kuma Birtaniya ta hana sa shi a ruwan sigarin lantarki. Idan za ka sayi ɗanɗanon kirim ko kastad, nemi wanda aka rubuta babu shi.

Kayan aiki

Sikelin lantarki mai karanta giram 0.01, irin na masu sayar da gwal, shi ne sayayya mafi muhimmanci. Ana iya awo da sirinji, amma jan gilisarin da sirinji wahala ce, ga wanki bayan an gama. Da sikeli kwalba ɗaya za ka ɗora ka riƙa ɗigawa. Ka dai lura da masu kashe kansu bayan daƙiƙa kaɗan, don suna iya mutuwa kana tsakiyar zuba.

Sauran ba su da yawa: sababbin kwalabe na mililita 10 da 30 masu murfin da yaro ba ya iya buɗewa, safar hannu ta roba, tabarau, takardar gogewa, takardar liƙawa da biro, da littafin rubutu.

Haɗin farko, babu nikotin

Fara da mililita 10, ɗanɗano guda ɗaya, ba tare da nikotin ba. In ya lalace asarar kaɗan ce, kuma hannunka zai saba da sikeli kafin ka taɓa abu mai haɗari.

Kafin komai dubi na'urarka. Ƙaramar na'ura da ake zuƙa kamar karan sigari tana son haɗi rabi da rabi, PG 50 VG 50. Babba mai fitar da tururi da yawa tana son VG 70 PG 30. Idan ka sa ruwa mai kauri a ƙaramar na'ura audugar da ke tsotsar ruwan a cikinta ba za ta jiƙa da wuri ba, sai ta ƙone ka ji ƙauri. Idan ka sa tsinkakke a babbar, sai ya yi ta yoyo. Zafi ma yana tsinka gilisarin, don haka haɗin da ya zauna lafiya a Manchesta yana iya zuba a aljihu a watan Afrilu a Sakkwato.

Sikeli nauyi yake aunawa, haɗi kuma da mililita ake lissafa shi, saboda haka riƙe waɗannan: mililita ɗaya ta VG giram 1.26 ce, ta PG kuwa kusan 1.04. Ɗanɗanon da aka narkar cikin PG ana lissafa shi daidai da PG.

Ga misalin rabi da rabi, ɗanɗano kashi 8 cikin ɗari:

1. Wanke hannu, sa safa, shimfiɗa takarda a tebur, a ɗakin da babu yara kuma babu abinci.
2. Ɗora kwalba babu murfi a kan sikeli, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili.
3. Ɗiga ɗanɗano har ya kai giram 0.83, wato mililita 0.8. Mayar da sikeli sifili.
4. Zuba PG giram 4.37, wato mililita 4.2. Ka ga shi da ɗanɗanon sun cika mililita 5. Sake mayarwa sifili.
5. Zuba VG giram 6.3, wato mililita 5. Shi ake sawa a ƙarshe.
6. Rufe, ka girgiza sosai na minti ɗaya ko biyu har ruwan ya yi fari da ƙananan kumfa.
7. Liƙa takarda nan take: sunan ɗanɗano, kashinsa, ƙarfin nikotin, kwanan wata. Rubuta haka a littafi.

Kashi 8 ɗin misali ne. Kowane ɗanɗano da ƙarfinsa. Wani kashi 2 ya isa, wani sai 12, don haka bi abin da kamfanin ya rubuta, ka fara daga ƙasa. Sababbin shiga sukan ɗauka ƙara ɗanɗano shi ke ƙara daɗi, alhali in ya yi yawa dushewa yake yi, ko ya koma ɗanɗanon sabulu. Kirfa da lemun tsami kuma suna tsaga wasu tankunan na'ura na roba, sai da na gilashi.

Shigar da nikotin

Nikotin guba ce, kuma tana ratsa fata. A Amurka ana sayar da mai ƙarfin miligiram 100 a mililita, masu haɗawa suna sonsa don arha. A ganina sabon shiga ba shi da dalilin ajiye shi a gida. Ƙaramin cokali ɗaya nasa miligiram 500 ne, kuma kuskuren 'yan ɗigo kaɗan yana sauya ƙarfin haɗi gaba ɗaya. Mai ƙarfin 18 ko 20 ya fi tsada, amma in hannu ya zarce ɓarnar ba ta kai can ba. Tatsar nikotin daga ganyen taba ko jiƙa karan sigari kuwa, kada ma a fara: ba ka san ƙarfin abin da ka samu ba, ga dattin da zai biyo shi.

Lissafin guda ɗaya ne. Ninka yawan ruwan da kake so da ƙarfin da kake so, ka raba da ƙarfin da ke rubuce a kwalbar nikotin.

A ce kana son mililita 30 mai ƙarfin 3, VG 70 PG 30, ɗanɗano kashi 10, kuma nikotin ɗinka mai ƙarfin 18 ne cikin PG. 30 sau 3 ya ba da 90. 90 raba 18 ya ba da mililita 5 ta nikotin, giram 5.2. Ɗanɗano mililita 3, giram 3.12. Kason PG duka mililita 9 ne, nikotin da ɗanɗano sun cinye 8, saura mililita 1, giram 1.04. VG mililita 21, giram 26.46. Tara su: 5 da 3 da 1 da 21, talatin cif. In jimillar ba ta fito daidai ba, kada ka buɗe kwalba ko ɗaya.

Karanta jikin kwalbar nikotin da kyau, domin da yawa cikin VG aka sirka su. In haka ne, daga kason VG za ka cire mililita 5 ɗin, nauyinsu kuma giram 6.3. Akwai manhajojin lissafin haɗi kyauta, kuma suna da amfani, amma ka yi da biro sau ɗaya ka kwatanta, don manhaja abin da ka shigar mata take bi, har da kuskurenka. Nikotin ake fara zubawa a kwalba: in ya zarce, ka gani tun kafin ka ɓata sauran kaya.

Wanda duk wannan ya yi wa yawa, akwai gajeriyar hanya da ta zama ruwan dare a Birtaniya: kwalba mai cin mililita 60 da aka zuba wa mililita 50 na haɗaɗɗen ruwa marar nikotin. Ka juye mata kwalba ɗaya ta mililita 10 mai ƙarfin 18, ka girgiza, ka samu ƙarfin 3.

Barin sa ya tsumu

Ɗanɗanon 'ya'yan itace da na mentol sukan yi daidai a ranar ko bayan kwana biyu zuwa uku. Kastad da kirim da ɗanɗanon taba suna son mako biyu zuwa huɗu a rufe, a wuri mai duhu da sanyi, ana girgizawa lokaci-lokaci. Za ka ga launin yana komawa ruwan ɗorawa, wannan ba matsala ba ce. Amma kada a shanya a rana ko a ɗora a wuta don gaggawa. Zafi da haske da iska suna lalata nikotin, ya koma baƙi-baƙi mai yaji a wuya.

Ajiya, da abin yi idan an samu haɗari

Ruwan nan yana ƙamshin alawa, kuma yaro ba ya karanta takarda. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar Niyok ta Amurka bayan ya sha ruwan nikotin, kuma a farkon 2016 Amurka ta kafa dokar tilasta murfin da yara ba sa iya buɗewa. A gidan yawa, inda yaran maƙwabta ma ke shiga ɗaki, saman wadirob bai isa ba. Akwati mai kwaɗo ake buƙata. Kada a sa a firjin da ake ajiye ruwan sha, kada a juye a robar lemo, kuma a nisanta shi da maganin ɗigon ido, don kwalaben sun yi kama.

In ya zube a fata, wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka cire rigar da ta jiƙa. In ya shiga ido, yi ta kwarara ruwa na minti 15. Tashin zuciya, amai, jiri, zufa, yawan miyau da bugun zuciya da sauri alamun nikotin ya yi yawa ne. A ajiye na'urar, in abin bai lafa ba a tafi asibiti. Yaro kuwa in ya sha, ko kaɗan ne, asibiti kai tsaye tare da kwalbar, ba a jiran alama. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai.

Rage ƙarfi

Fa'idar haɗawa da kanka da ba ka samu a kanti ita ce saukowa a hankali. Kanti yakan ba ka 12, 6, 3, sai sifili, kuma tsallen yana yi wa wasu nisa har su koma wa taba. A gida kana iya yin 5, ka yi 4, ka yi 2.5. A kwalbar mililita 30 da nikotin mai ƙarfin 18, kowane miligiram ɗaya da ka rage daidai yake da cire mililita 1.67 ta nikotin ka cike gurbin da PG ko VG, gwargwadon wanda aka sirka shi da shi. Ka zauna a kowane mataki har sai ka ga ba ka ƙara yawan zuƙa don cike giɓi, sannan ka sauka na gaba.