Sanayya wajen neman gurbin digirin digirgir: kurakuran da aka fi yi

Ana yawan gaya wa mai neman digiri na uku cewa sai da uwa a gindin murhu. Maganar da ƙamshin gaskiya, sai dai mutane da dama ba su gane irin sanayyar da ke aiki ba. Farfesan da zai ɗauke ka zai yi shekara uku zuwa biyar yana fama da kai, sau da yawa da kuɗin binciken da ya sha wuya kafin ya samo. Abin da yake so ya ji shi ne shaidar wanda ya taɓa ganin aikinka da idonsa.

Shi ya sa kuskuren da ya fi ba ni takaici yake kan wasiƙar shaida. Jami'o'in Amurka galibi guda uku suke nema. Sai ɗalibi ya tsallake malamin da ya duba masa kundin digiri na biyu, ya nufi wani babban farfesa mai suna da bai taɓa karanta ko shafi ɗaya na rubutunsa ba. Wasiƙar ta fito cike da "yaro ne mai ladabi da ƙwazo", babu misali ko ɗaya, kuma kwamitin tantance masu nema ya saba ganin irinta. Koma wurin wanda ya yi maka gyara da jan biro, ko da ƙaramin malami ne. Ka ba shi lokaci, aƙalla wata guda, tare da tsarin bincikenka da ranar rufe karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuskuren imel ɗaya da ake watsa wa malamai hamsin. Zaɓi biyar, karanta abin da kowannensu ya wallafa kwanan nan, ka rubuto tambayar da ta taso maka daga ciki.

Wasu kuma suna ɗauka tsarin ɗaya ne ko'ina. A Jamus, hanyar da aka fi bi ita ce ka fara samun amincewar farfesa, kuma DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, kan nemi takardar amincewar nan. A Suwidin da Holan gurbin aiki ne mai albashi, ana tallata shi a shafukan jami'o'i da irin su EURAXESS, shafin Tarayyar Turai na tallan guraben bincike, a yi maka ganawa. A Amurka kwamitin sashe ke yanke hukunci, don haka "ina sha'awar aikinka" daga bakin malami ba takardar shiga ba ce. Ci gaba da neman wasu wuraren.

Akwai kuma raina sanayyar nesa. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun waɗanda ake gaisawa da su jefi-jefi, domin aminanka abin da ka sani su ma shi suka sani. Wanda kuka haɗu a taron ƙara wa juna sani, ko tsohon ɗan ajinku da ya riga ka shiga, riƙe zumunci da shi. Shi ne zai faɗa maka ko farfesan yana da kuɗi bana, ko yana amsa wa ɗalibansa a kan lokaci, da kuma nawa ne suka kammala a hannunsa.