Jinyar wanda ya bugu a ka kafin a tura shi Kano

Idan aka kawo ɗan acaɓa a sume daga hanyar Gumel ko Rano, bugun da ya sha ya riga ya auku. Abin da nas za ta iya tarewa shi ne ɓarnar da ke biyo baya, wato ƙwaƙwalwa ta kumbura, jini da iska su kasa isa gare ta.

A fara da numfashi da awon jini. Kada oksijin da ke cikin jini ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari. Bincike a Amurka a 1993 ya nuna cewa awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 90 ko sau ɗaya ne, haɗarin mutuwa ya ninka, shi ya sa yanzu ake riƙe na matashi a 110 ko fiye. Wajen ƙarin ruwa, ruwan gishiri na 0.9% za a rataya. Ruwan sukari na 5% yana ƙara kumburin, duk da shi ne ya fi saurin zuwa hannu.

A ɗaga gadon ta wajen kai digiri 30, wuya a miƙe, domin jinin kai ya samu hanyar sauka. In ana zargin karayar wuya, a karkata gadon gaba ɗaya, ba a cusa matashin kai. Zuƙe majina kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15.

A rubuta ma'aunin Gilasgo, wato makin da ke nuna zurfin suma, duk rabin awa da farko. 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. A haska idanu da tocila. Ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta daina motsi, jini na hawa, bugun zuciya na raguwa? A kira likita nan take, a kuma shirya motar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Har yanzu akwai masu ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, kuma wannan abin takaici ne. Gwajin CRASH na 2004, kan mutum kusan 10,000, ya nuna irin waɗannan magunguna suna ƙara mace-mace. Tranexamic acid kuwa, maganin rage zubar jini, gwajin 2019 ya nuna amfaninsa cikin awa 3 na farko ga raunin da bai yi tsanani sosai ba.

Zazzaɓi na cinye ƙwaƙwalwar da ta raunana: a ba da farasitamol, a goge jiki da ruwa mai ɗumi, a gwada maleriya.

Sai 'yan uwa. Za ka ga tsohuwa da rubutu a ƙwarya tana son ɗura wa ɗanta da ludayi. A lallashe ta: "Inna, a shafa masa a jiki, in ya sha yanzu huhu zai tafi." Ko kunu ba ya shiga bakinsa sai ya farfaɗo an gwada haɗiyarsa.