Yadda za ki mayar da asibitin unguwa na gidanku

Aikin lafiya nake yi a wani asibitin sha-ka-tafi a nan Kaduna, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ake kawo mana ya galabaita bayan an gama yawo da shi kemis-kemis. 'Yar'uwa, ki zaɓi asibiti ɗaya, mafi kusa da ke, ki riƙe shi. Jiharmu na da mazaɓu 255, kuma tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta sami asibitin matakin farko. Ko a Rigasa kike ko Kawo, ki tambaya, akwai naku.

Ki je tun kowa yana lafiya, a yankar wa 'yan gida kati, har da maigida. Ba kullum likita yake zama a ƙananan asibitoci ba, don haka ki tambayi ranar zuwansa, ki yi ƙoƙari ya zama mutum ɗaya kike gani. Wanda ya san mahaifiyarki na da hawan jini, ya san kin yi jijjiga a haihuwar fari, da wani ido zai dubi ciwon kanki.

Katin rigakafi kuwa ki sa shi a leda, ki ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Na sha karɓar kati ya jiƙe da manja, ina ɗaga shi a hasken taga ina laluben ranar allura. Ana yin ta ranar haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai wata 9, sannan ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Wannan ta ƙarshen ce iyaye suka fi mantawa.

In za ki zo da mara lafiya, ki tattaro duk abin da ya sha, har jiƙo da sassaƙe, ki faɗa mana gaskiya. Ba faɗa za mu yi miki ba. Kuma ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Ɗigon jini daga yatsa, cikin kamar minti 20 an gane. Yaro mai gudawa, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a gida, mu kuma za mu haɗa da ƙwayar maganin zinc.

Amma akwai abin da ba a jiran wayewar gari: yaro ya ƙi kama nono, ko yana taune-taune, ko numfashinsa na fizga, mai ciki ta ga jini. Ki taho nan take. In abin ya fi ƙarfinmu, za mu rubuta takarda zuwa babban asibiti, na Yusuf Ɗantsoho ko na Barau Dikko. Ki riƙe takardar da kyau, in an sallame ku ki dawo mana da bayanin da suka rubuta, mu sa a fayil.

Maganar kuɗi, ki sa maigida ya tambayi inshorar lafiya ta jiha, wadda hukumar KADCHMA ke kula da ita, a asibitin da kuka zaɓa.