Daga Aji Ɗaya Zuwa Aji Huɗu: Yadda Ɗan Karkara Zai Ci Moriyar Karatun Kimiyyar Siyasa da Hulɗar Ƙasashe

Ɗalibin da ya taso daga Ɓaɓura, Gwarzo, Sumaila ko Kafin Hausa ya samu gurbin karatun Kimiyyar Siyasa a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, yakan shiga da zaton cewa fannin na masu baki ne, wato wanda ya iya muhawara a majalisa ya gama. Ba haka ba ne. Abin da ake ba wa maki shi ne hujjar da aka rubuta, aka jingina ta da wani nazari, aka kawo mata misali.

Aji ɗaya shi ne inda mafi yawa ke yin asarar da ba ta gyaruwa. Ana lissafin sakamako ne a kan ma'auni biyar: A daga maki 70 zuwa sama tana da 5, B tana da 4, C tana da 3, har zuwa F da ba ta da komai. Ana ninka wannan da nauyin kowane kwas, wato adadin da makaranta ta ware masa gwargwadon sa'o'in lakcarsa a mako, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan da ka yi wa rajista. Ɗauki zangon da ka yi rajistar nauyi 18. Idan ka ci B a duka, kana da 4.00. Idan kuwa ka faɗi kwas ɗaya mai nauyi 3, ka koma 3.33, wato ka sauko ƙasa da 3.50 da ake bukata don digiri mai daraja ta biyu ta sama. Kuma kariyoba, wato kwas ɗin da ka faɗi, tana bin ka zuwa aji na gaba, ta yi karo da lokacin wata lakcar. Kwasa-kwasan da ke ka da mutane a nan su ne waɗanda ake raina wa: na Turanci, na lissafi da ƙididdiga, da na aro daga sashen Tattalin Arziki. Kada ka bar tes ya wuce ka saboda ka tafi gida shuka ko girbi, domin aikin cikin zango yakan ɗauki maki 30 zuwa 40 cikin 100. Ka zauna da mahaifinka tun farko, ku duba jadawalin makaranta, ku san wa zai riƙe gona a makonnin da ba za ka samu zuwa ba.

Sai batun Turanci, wanda shi ne babban ƙalubalen wanda ya fito daga sakandaren ƙauye. Maganinsa rubutu ne, ba haddar handawut ba. Kowane mako ka ɗauki sharhin jarida ɗaya, ka taƙaita shi a shafi guda da kalmominka, ka ba wanda ya fi ka ya ja maka layi. Ka mallaki Kundin Tsarin Mulki na 1999, ko a waya ne, ka karanta Babi na Biyu da Jadawali na Huɗu mai lissafa ayyukan ƙananan hukumomi.

A aji biyu da uku ne ake shiga tunanin masana irin su Plato, Machiavelli, Hobbes da Marx, da ra'ayoyin hulɗar ƙasashe. A nan ɗan karkara yake da abin da ɗan birni ba shi da shi, in ya san darajarsa. Idan lakcara yana bayani kan ikon ƙasa da iyakoki, ka tuna kasuwar Maigatari. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu a Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin huɗun da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake tsayar da fatauci, daga baya Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wanda ya ga yadda wannan ya taɓa dillalan dabbobi da direbobi zai rubuta amsar da ta fi ta mai kwafe littafi nesa ba kusa ba, muddin ya ɗaura ta a kan nazari. Haka ma rabon ruwan kogin Haɗeja tsakanin manoman rani na ƙasan madatsar Tiga da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru, siyasa ce tsantsa ta wa zai samu me.

Tsarin amsa a jarrabawa kuwa shi ne: ka fayyace ma'anar abin da aka tambaya, ka faɗi matsayarka, ka kawo hujjoji uku ko huɗu kowace da misalinta, ka ambaci abin da masu saɓa maka za su ce, sannan ka rufe. Mai zuba duk abin da ya sani ba tsari yakan tashi da C.

Ka fara koyon Faransanci tun aji biyu idan hulɗar ƙasashe ce burinka. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin duk da shi ake aikin gwamnati, kuma ƙungiyoyi irin su Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, suna aiki da shi tare da Turanci. Siyasar ɗalibai tana koyar da tsara taro da lallashin jama'a, amma ka guji zama ɗan koren wani ɗan siyasa, don hakan na cinye lokaci, yana kuma toshe wa mutum ido daga ganin laifin gwaninsa.

Kundin bincike na aji huɗu yana da babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike, nazarin bayanai, da kammalawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar batu mai faɗi kamar "dimokuraɗiyya a Afirka". Ka matse shi zuwa ƙaramar hukuma ɗaya da 'yan shekaru ƙayyadaddu, misali abin da ya sauya a ƙaramar hukumarku bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi, ko tarihin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, a gundumarku. Cibiyoyin bincike na Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano da Gidan Arewa na Kaduna suna da takardun da za su taimaka.

Kafin ka raba takardun tambayoyi a ƙauye, ka fara gaida dagaci ko mai unguwa, ka nuna masa wasiƙar sashenku. Ka fassara tambayoyin zuwa Hausa, ka gwada su kan mutum goma, don kalmar da ka fahimta a aji tana iya zama baƙuwa ga manomi. Ka nemi 'yar'uwa ko abokiyar karatu da za ta shiga gidaje ta ji ta bakin mata, in ba haka ba bincikenka na maza ne kawai. Ka riƙa rubuta sunan marubuci, shekara da shafi a daidai lokacin da ka ɗauko magana, kuma ka kai wa malamin da ke duba ka babi ɗaya-ɗaya, kada ka jira sai ka haɗa biyar ɗin ana saura mako biyu a rufe karɓa.