Karoti a bido da bokiti: kurakuran da ke ɓata saiwa

Manomin Adar ya san dashe. Albasar Galmi sai an zuba irinta wuri guda, ta yi kusan kwana 45, sannan a cire a dasa. Tumatir da kabeji ma haka. Wannan sabo da dashe ne ke fara cutar mai shuka karoti a tsakar gida a Tawa, don karoti ba ya son dashe ko kaɗan. Abin da muke ci a jikinsa ita ce uwar saiwa, guda ɗaya tal, kuma tun tsiron yana da ganye biyu ta riga ta nutsa ƙasa, siririya kamar zare. Da ka tumɓuke shi, bakin zaren nan ya tsinke ko ya lanƙwashe. Ganye zai farfaɗo ya yi kyau, ka yi ta ban ruwa wata uku, ranar tono ka sami karoti mai ƙafa biyu ko uku, ko gajere a murɗe. A shuka iri kai tsaye cikin mazubin da zai girma har a tone shi. Radi da nabe, waɗanda su ma saiwarsu ake ci, haka suke so. Beterab ne ke ɗan jure dashe, shi ma sai yana ƙarami, kuma a ɗauke shi da dunƙulen ƙasarsa.

Sai zurfin mazubi. Da yawa sukan kwantar da bidon mai na lita 25 su yanke shi ta gefe don su sami faɗi. Salati zai ji daɗin wannan, amma karoti irin Nantaise, wanda ke kai santimita 15 zuwa 18, yana bukatar ƙasa mai zurfin santimita 30. A tsayar da bidon, a yanke kansa, a wanke shi da sabulu. A ɗora ƙusa a wuta a huda gindinsa wuri 6 zuwa 8, a aza shi kan bulo biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Mai baho marar zurfi gara ya shuka radi, wanda ke nuna cikin wata guda.

Maganar ƙasa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ƙasar Adar akwai tsakuwa, kuma tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa ta isa ta raba saiwa biyu. A tankaɗe ta da rariya. Lakar fadama kuwa in ta bushe a cikin bokiti sai ta ƙame kamar tubali, saiwa ta kasa ratsa ta. Abin da ke yi shi ne kashi biyu na ƙasa mai rairayi, kashi ɗaya na taki ruɓaɓɓe. Ruɓaɓɓe muka ce, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana sa saiwa ta yi rassa da gashi birjik, yakan kuma ƙone tsiro. Takin zamani na ure ma, in aka yawaita shi, ganye ne zai yi ta tashi, saiwar kuwa ba ta fi ɗan yatsa ba.

Irin karoti ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake kuskuren binne shi da zurfi. Zurfin santimita ɗaya ya isa. A gauraya shi da busasshen rairayi kafin a yafa, don kada ya taru wuri guda. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 20 kafin ya fito, kuma a iskar hunturu saman ƙasa na bushewa kafin azahar. In ya bushe a daidai lokacin da ƙwayar ta fara tsagewa, shi ke nan. A rufa tsohon buhun algarara mai laima a kai, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji. Ranar da aka ga kore, a yaye buhun.

Rage tsiro na da ciwo, mun sani, amma dole ne. In ya kai tsawon ɗan yatsa, a bar tazarar yatsu uku tsakanin kowane biyu, wato kamar santimita 5. Bokiti ɗaya kada ya wuce tushe 15 zuwa 20. A datse na banza da almakashi daidai ƙasa, don fizgewa na girgiza saiwar maƙwabcinsa. Kada a ce za a dasa waɗanda aka rage.

Lokacin shuka daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba, don a tone kafin zafin Maris da Afrilu. A bazara baƙin bokiti yakan ɗau zafi har saiwa ta yi ɗaci da tauri.

Karotin da ya tsage a tsaye, ƙishirwa ya sha kwana biyu ko uku sannan aka malala masa ruwa. A cusa yatsa cikin ƙasa kullum, in gaɓa biyu sun fito a bushe, a ba shi har ruwa ya ɗiga ta ƙasa. Wanda kafaɗarsa ta yi kore kuma rana ce ta taɓa shi, sai a tura masa ƙasa a rufe. Daga kwana 75 a tone ɗaya a duba. In kaurinsa ya kai babban yatsa, a jiƙa ƙasar tukuna, sannan a kama gindin ganyen a ja a hankali.